Wai da me ake auna bayanin tul kafin a miƙa wa ejan na AI?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka taɓa haɗa ejan na AI (manhajar AI mai aiwatar da aiki da kanta) da tul (ƙananan ayyukan kod da ejan yake kira don ya yi wani abu). Ina gina wa wani shagon sari ejan da zai riƙa amsa saƙon kwastomomi a WhatsApp, ya duba musu bashi, ya rubuta in sun biya, ya haɗa musu hanyar biya. Kod ɗin lafiyarsa ƙalau, kowane tul na gwada shi da hannu yana aiki, amma ejan ɗin yau ya kira wanda ya dace gobe ya kama wani daban. Ga biyu daga ciki yadda na rubuta su:

nemo_kwastoma: "Yana nemo kwastoma." Abin da ake ba shi: lamba
duba_kwastoma: "Yana dawo da bayanan kwastoma." Abin da ake ba shi: lamba

Shawarar da nake yi ita ce in sa wani model (ƙwaƙwalwar AI irin wadda ke tuƙa ejan) ya karanta duka bayanan ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 10, wanda ya gaza 7 in sake rubuta shi. Akwai wanda ya taɓa yin haka? Kuma wai ma da me ake auna kyan bayanin tul?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge kafin mu je ga maki, ni kaina da na karanta biyun nan ban san wanne zan kira ba, balle model. Nemo da duba meye bambancinsu? Sannan "lamba" wace lamba? Lambar waya in an rubuta ta da sifili a gaba 11 ce, NIN 11 ce, BVN 11 ce, ta akawun ɗin banki ce kawai 10. Kwastoma ya turo maka lamba 11 ba bayani, ejan zai ɗauka ya cusa a nan kawai tunda ba a ce masa komai ba.

Ɗan Fagge:
Hajiya lambar da ke cikin rumbun bayanan shagon nake nufi, wadda muke ba kowane kwastoma. Na farkon kuma da waya ake nemowa.

Maman Iman:
To ka gani, kai ka sani saboda kai ka rubuta kod ɗin. Shi ina zai ga wannan?

Baba Kod:
Bari in ɗan yi shimfiɗa saboda na ga akwai sababbi a cikinmu. Model ba ya ganin kod ɗinka sam, ko layi ɗaya. Abu uku ake tura masa game da kowane tul: suna, bayani, da tsarin abubuwan da za a cike wanda ake rubutawa da JSON Schema. Shike nan. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI suka fito da kiran fankshin, wato kiran tul, a Yuni 2023, kuma da kamfanin Anthropic suka fito da MCP, ƙa'idar jona tul da model, a Nuwamba 2024 ba a canja wannan ginshiƙin ba, an dai daidaita hanyar da saba, wato manhajar da ke ɗauke da tul, za ta sanar da tul ɗinta ne ta yadda manhaja daban daban za su iya amfani da ita. OpenAI su ma sun karɓi MCP a Maris 2025.

Don haka ka ɗauka kamar sabon yaron shago ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya zo yau da safe, bai san kowa ba bai san inda komai yake ba, ka miƙa masa takarda ka fita ka kashe wayarka. Duk abin da ba ya cikin takardar nan sai dai ya yi hasashe, kuma shi wannan yaron ba ya jin kunyar hasashe, zai yi shi da ƙwarin gwiwa.

Ɗalibi:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni ina koyo ne. Tsawon bayanin ya kamata ya kai nawa? A koyarwar da nake bi a YouTube layi ɗaya ake rubutawa.

Baba Kod:
Amin yarona. Masu koyarwa suna rubuta layi ɗaya ne saboda misalinsu kullum tul ɗin duba yanayin gari ne, shi kaɗai, ba shi da abokin rikici. Takardun Anthropic cewa suka yi a yi aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane tul, in mai sarƙaƙiya ne a ƙara. A faɗi me yake yi, yaushe ake kiransa, yaushe ba a kiransa, me kowane gurbi yake nufi, da abin da ba ya dawowa da shi. Wannan na "yaushe ba a kiransa" shi mutane suka fi mantawa kuma shi ne ya kama Ɗan Fagge.

Injiniya Bappa:
Baba da girmamawa amma ni ban yarda a riƙa gaya wa yara su tsawaita ba tare da an gaya musu kuɗinsa ba. Duk bayanin nan tokin ne, wato gutsattsarin rubutu da ake ƙirga kuɗin model da su, kuma kowane kira sai an tura shi gaba ɗaya, ko an yi amfani da tul ɗin ko ba a yi ba. Mutum ya jona saba uku huɗu na MCP kowacce da tul ashirin talatin kowanne da sakin layi biyu, kafin kwastoma ya ce sannu an cinye wani babban ɓangare na rubutun da model yake iya riƙewa a lokaci ɗaya, ga kuɗi ana biya da dala mu kuma da naira muke samu. OpenAI ma a shawararsu cewa suka yi a yi ƙoƙari kada tul su wuce 20 a lokaci ɗaya. Ni na ga bayanai masu tsawo da ba komai a ciki sai surutu, "wannan tul ne mai ƙarfi da amfani sosai wanda zai taimaka maka", to me wannan ya ƙara?

Baba Kod:
Bai ƙara komai ba Injiniya, a nan ba mu da saɓani. Ni jimlar da take hana kuskure nake cewa a ƙara. Kuma shi Ɗan Fagge shago ɗaya ne, bai kai inda kake tsoro ba tukuna.

Maman Iman:
Ku lura ku biyun nan kuna iya kwana kuna gardamar tsawo da gajarta ba wanda zai kayar da wani, saboda dukkanku karantawa kuke yi da idon mutum. Wannan ne ya sa ni ban gamsu da shirin maki 1 zuwa 10 ba. In ka ba model bayani shi kaɗai ka ce ya ba shi maki, abin da zai auna shi ne ko rubutun ya yi kama da bayani mai kyau. Zai so mai tsawo, mai tsari, mai turanci mai daɗi. Amma bai san kod ɗin ba, so ba zai san in bayanin ƙarya yake yi ba. Ka rubuta "yana dawo da bashin kwastoma gaba ɗaya" alhali tul ɗin na wata uku kawai yake dawowa da shi, zai ba ka 9 cikin 10 da yabo. Kuma bai san irin saƙon da mutanenka suke turowa ba.

Ni abin da nake yi, gani ya kori ji. Ka tara saƙonnin gaske na kwastomomi, ka goge sunaye da lambobinsu, kowanne ka rubuta a gefe tul ɗin da ya kamata a kira da abin da ya kamata a cike. Sai ka saki ejan a kansu ka ga me ya yi. Makin bayani shi ne abin da ejan ya aikata bayan ya karanta shi, ni ban san wani maki da ya wuce wannan ba.

Ɗan Fagge:
Saƙo kamar nawa Hajiya? Ni kaɗai nake aikin nan ba ni da ma'aikata.

Maman Iman:
Ka fara da abin da za ka iya zama ka karanta sakamakonsa da idonka a yamma ɗaya. Ya fi dubu da ba za ka buɗe ba. Abin da ya fi yawa muhimmanci shi ne kada ka zauna ka ƙirƙiro su daga kanka, don kai za ka rubuta "ina son duba bashin kwastoma mai lamba kaza", su kuwa mutane abin da suke turowa shi ne "Alhaji nawa ya rage", ko "na turo rabi jiya a duba", ko mutum ya turo hoton rasit kawai ba magana. Waɗannan su ne suke fallasa bayani.

Kuma in kana dubawa kada ka tsaya a kan ko ya zaɓi tul ɗin da ya dace. Ka duba abin da ya cike a ciki. Ka sa saƙonnin da bai kamata a kira komai ba, misali mutum ya yi gaisuwa ko ya tambayi ko kuna buɗewa ranar Juma'a, ka ga ko zai iya kame hannunsa. Ka sa waɗanda bayani bai cika ba, ka ga zai tambaya ne ko zai ƙirƙiro lamba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro a harkar kuɗi.

Baba Kod:
Abin da Maman Iman ta faɗa haka masu bincike suke yi. Akwai jadawalin gwajin kiran tul na jami'ar Berkeley da ake kira BFCL, a cikinsa akwai sashe guda da aka ware don a ga ko model zai gane cewa babu tul ɗin da ya dace ya ƙi kira. Su model suke aunawa, mu kuma sai mu juya abin, mu riƙe model ɗaya mu riƙa canja bayani. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda fa, in ka canja bayani ka canja model ka canja umarni duk rana ɗaya ba za ka san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

'Yar Maraɗi:
Sallama gare ku. Ina bin maganar tun ɗazu. Ina so in ƙara batun kuɗi don shi na fi sani. Ɗan Fagge tul ɗinka na haɗa hanyar biya, me ka rubuta a gurbin adadi?

Ɗan Fagge:
"adadi: kuɗin da za a biya"

'Yar Maraɗi:
To da naira ko da kwabo? In da kamfanin karɓar biya na Paystack kake aiki ai API ɗinsu, wato ƙofar da kod ɗinka yake magana da su, da kwabo yake karɓa, naira 5,000 sai ka tura 500000. In ka bar wa ejan wannan lissafin ba ka faɗa ba, wata rana zai ninka da 100 wata rana ba zai ninka ba, kwastoma ya ga an ce ya biya naira 50 a maimakon 5,000. Mu nan kuma sefa ba ta da ƙaramin kaso da ake aiki da shi, a Stripe ma, wani kamfanin karɓar biya, tana cikin kuɗaɗen da ba a ninka su. Sai kuma abin da ya fi wannan: mu a kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. Mutum ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, ya ce jika guda sefa 1,000. Ejan ya ga "dala ashirin" zai iya ɗauka kuɗin Amurka ne ko ya rubuta 20. Ku da kuke Kano kuna da kwastomomi daga wajenmu, ba za ku rasa irin saƙon nan ba.

Ni shawarata gurbin ya ɗauki sunan da ke faɗin ma'auninsa, adadi_naira, bayanin ya ce cikakkiyar naira ba kwabo, ninkawar kuma kod ya yi ta. Duk lissafin da kod zai iya yi kada a ɗora wa model.

Injiniya Bappa:
Wannan gaskiya ce ƙanwata, kuma ta goyi bayan maganata. Suna mai kyau ya rage maka jimla biyu. lambar_waya da lambar_rajista a maimakon lamba, rikicin Ɗan Fagge rabi ya tafi ba tare da an ƙara sakin layi ba. Haka in gurbi zaɓi ne tsakanin abu uku, tsaba ko taransifa ko POS, ka sa su a jerin zaɓi na schema kada ka tsaya roƙon model a cikin bayani.

Amma ina so in kare shirin Ɗan Fagge kaɗan don na ga an yi masa taron dangi. Sa model ya karanta bayani ba banza ba ne. Arha ne, minti biyu ne, kuma yana kama abubuwan fili: gurbin da ba shi da bayani, kwanan wata da ba a faɗi tsarinsa ba, tul biyu masu kama da juna. Gwajin da Maman Iman take faɗa yana cin lokaci da kuɗin API. In kana da tul hamsin daga mutane daban daban dole ka fara tacewa da wani abu.

Maman Iman:
Na yarda Injiniya in dai tacewar farko ce, amma kada a kira shi maki a dogara da shi. Kuma in za a yi, a canja tambayar. Kada ka ce "ba shi maki". Ka ba shi duka tul ɗin tare ka ce wane biyu ne za a iya rikita su, wace tambaya za ka so ka yi wa wanda ya rubuta kafin ka kira wannan. Tambayoyin da zai jero su ne ramukan da ke cikin bayaninka. Lamba 7 ko 8 ba ta nuna maka inda za ka gyara.

Baba Kod:
Akwai ma amfani da ya fi wannan. Bayan ka yi gwaji, ka kwashi tarihin hirar da ejan ya faɗi a ciki, yadda ya yi tunani da abin da ya kira da abin da aka dawo masa da shi, ka ba model ka ce ya gano inda bayani ya ɓatar da shi. Anthropic sun yi rubutu a kan haka a Satumba 2025, suka ba da misali da kansu: da suka fito da tul ɗin binciken intanet sun lura model ɗinsu Claude yana liƙa "2025" a ƙarshen abin da yake nema ba dalili, hakan yana karkatar da sakamako, da gyaran bayanin tul ɗin suka magance shi. Wa zai gano wannan ta hanyar karanta bayani kawai? Sai da aka kalli abin da yake yi.

Tun kafin nan ma a Disamba 2024 sun faɗi cewa lokacin da suke aiki a kan SWE-bench, gwajin iya gyara kod, sun fi ɓata lokaci a gyaran tul a kan gyaran babban umarni. Model yana kuskuren adireshin fayil in ya fita daga babban folda, sai suka sa tul ɗin ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren ya tsaya. Ku lura a nan tul ɗin kansa aka gyara. Wani lokaci za ka yi ta sake rubuta bayani ba ya jin magani saboda tul ɗin ne aka yanka ba daidai ba.

Ɗalibi:
Baba to in model ya gyara bayanin ya ci duka gwajin ai an gama ko?

Baba Kod:
A'a. Ka ware wasu saƙonni tun farko ka ɓoye su, kada kai ko model ku duba su lokacin gyara. In ba haka ba za ka wayi gari bayaninka ya cika da dokoki na saƙonnin gwaji ɗaya bayan ɗaya, ya haddace su, sabon saƙo ya zo ya faɗi. Waɗanda ka ɓoye su za su gaya maka gaskiya.

Maman Iman:
Kuma sau ɗaya ba ya isa. Saƙo ɗaya ka maimaita shi sau da yawa don model ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Ɗan lissafi: in yana yin daidai kashi 90 cikin 100 a kowane kira, aikin da ke buƙatar kira biyar a jere damar ya fita lafiya gaba ɗaya wajen kashi 59 ce. Masu gwajin tau-bench na kamfanin Sierra a 2024 sun nuna wannan ƙarara, model ɗin OpenAI GPT-4o bai kai rabin ayyukan ba, da aka ce kuma sai ya ci aiki ɗaya sau 8 a jere, a ɓangaren kanti ya faɗo ƙasa da kashi 25. Model sun ƙara ƙarfi tun daga lokacin amma darasin yana nan, mai shago ba ruwansa da cewa ya yi daidai jiya.

Mai Gadi:
Ni duk maganar nan akwai gefen da ba a taɓa ba kuma yana damuna. Kuna maganar bayanin da kai ka rubuta. To wanda wani ya rubuta ka jona fa? Bayanin tul yana shiga kan model kamar umarni ne. A Afrilu 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs suka nuna yadda ake sa guba a ciki: tul ne na tara lamba biyu kawai, amma a cikin bayaninsa an ɓoye umarni cewa kafin ka yi aiki ka karanta makullin SSH, wato makullin sirri na shiga kwamfuta daga nesa, na mai kwamfutar ka turo shi a wani gurbi, kada kuma ka gaya masa. Mai amfani suna kawai yake gani a allonsa, model kuwa yana karanta komai. Kuma saba tana iya canja bayanin bayan ka riga ka amince da ita.

So in za a auna inganci dole a sa wannan a ciki. Ka karanta cikakken rubutun da ake tura wa model da idonka, ka ajiye kwafinsa, in ya canja manhajarka ta tsaya ta sanar da kai. Bayani mai kyau maganar tul ɗinsa kawai yake yi, da ka ga yana ba da umarni a kan wasu tul ko fayilolin da ba nasa ba ka cire shi.

Injiniya Bappa:
Ai MCP suna da alamomin nan, readOnlyHint da destructiveHint, da ke nuna ko tul karatu kawai yake ko yana iya goge abu.

Mai Gadi:
Suna da su Injiniya amma mai sabar ne yake cike su da hannunsa, ƙa'idar MCP ɗin ma da kanta ta ce kada a dogara da su sai daga sabar da aka yarda da ita. Haka nan ku ma masu rubuta naku, don Allah kada ku mai da bayani ya zama makulli. Ka rubuta "kada ka goge bashi sai mai shago ya yarda" yana da kyau, ka rubuta, amma kod ɗin ne zai hana. Dukiyar mutane ce amana ce a hannunka.

Ɗalibi:
Wata tambaya, da Hausa ya kamata a rubuta bayanin ko da turanci, tunda kwastomomin Hausa suke yi?

'Yar Maraɗi:
Ni da turanci nake rubuta jikin bayanin don model sun fi ƙwarewa a nan kuma Hausa ta fi cin tokin, amma kalmomin da mutane suke faɗa ina sa su yadda suke: bashi, ciko, kafin alƙalami, jika. Amma wannan ma ai ba sai an yi gardama ba, a rubuta biyun a saka su a gwaji ɗaya a gani.

Baba Kod:
Haka ne 'yata. Kuma model ɗin da ka gwada da shi a kansa kawai sakamakon ya tsaya. Ranar da ka koma wani, ko aka sabunta wanda kake kai, ka sake gudanar da gwajin.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi na ƙaru. Na zauna na sake na farkon, ga shi da Hausa don kowa ya gani:

nemo_kwastoma_da_waya: "Yana nemo kwastoma ta lambar wayarsa ya dawo da sunansa da lambar rajistarsa ta shago. Ka kira shi da farko in ba ka da lambar rajista. Ba ya dawo da bashi ko tarihin biya, don waɗannan ka kira duba_bashi da lambar rajistar da ka samu a nan. Kada ka saka NIN ko BVN ko lambar akawun. In ba a samu kowa ba ka tambayi kwastoma ko da wata lamba ya yi rajista."
lambar_waya: "Da lambar ƙasa a gaba, +234 ko +227, ba sifilin farko."

Yaya kuka gani?

Maman Iman:
Ya fi na da nesa ba kusa ba. Amma amsar yaya muka gani tana wurin gwaji, ka saka tsohon da sabon a kan saƙonni iri ɗaya ka kawo mana abin da ya fito.

Injiniya Bappa:
Abu biyu. In saƙon ta WhatsApp yake zuwa ai ka riga ka san lambar mai turowa, me ya sa za ka sa model ya cike ta? Kod ya saka ta da kansa. Hakan ma zai hana wani ya rubuto lambar maƙwabcinsa ya ga bashinsa. Na biyu, in kullum sai an kira nemo sannan a kira duba_bashi, ka haɗe su su zama tul ɗaya, kira ɗaya ya ragu wurin kuskure ɗaya ya ragu.

Ɗan Fagge:
Na farkon na karɓa. Na biyun akwai matsala, yaran shago su ma suna amfani da shi daga wayar shago su nemo wani kwastoma, kuma wani lokaci waya ɗaya mutum biyu ne a kanta, uba da ɗa ko mata da miji.

Baba Kod:
To wannan maganar da ka faɗa yanzu ba ta cikin bayanin da ka rubuta, ka ce "ya dawo da sunansa" kamar kullum mutum ɗaya ne. Ka ƙara cewa yana iya dawo da fiye da ɗaya, in haka ta faru ejan ya tambaya wanne, kada ya ɗauki na sama. Ka duba kuma saƙon kuskuren da tul ɗin yake mayarwa, shi ma model karanta shi yake yi. In lamba ba ta cika ba kada ya dawo da lambar kuskure "400" kawai, ya ce lambar Najeriya bayan +234 guda 10 ce ta Nijar bayan +227 guda 8, an samu kaza. Da wannan zai gyara da kansa a kira na biyu.

'Yar Maraɗi:
Ka sa saƙon uba da ɗa ɗin nan a cikin gwajin, da wanda mutum ya rubuto lambar Nijar ba +227. Ina da irin saƙonnin dala da jika, zan goge sunaye da lambobi in turo maka ta akwati.

Ɗan Fagge:
Na gode Yaya, ki turo. Na yaran shago zan raba musu nasu tul ɗin daban, na kwastoma kuma kod ya saka lambar. Daren nan zan fara tara saƙonnin in sha Allah.